Shafi Ɗaya, Kwano Biyu na Gyaɗa

A garinmu, wani ƙauye da ke tsakanin Bagwai da Shanono, ba a kai gyaɗar iri inji. Inji yana fasa ƙwaya, ya saɓule mata jar rigarta, in ka shuka rabi ba za ta fito ba. Don haka da zarar bazara ta kama, sai magidanta su fito da buhunansu inuwar ɗorawar da ke gefen masallaci, a shimfiɗa tabarmi, a yi ta ɓara da hannu tun hantsi har azahar. Yau a taru a kan buhun wane, gobe a kan na wane, har a zagaye kowa. Aiki ne da na tsana tun ina ƙarami. Babban yatsa ya yi kanta ya tsage, baya ya ƙage, ga ƙurar ɓawo a hanci. Na fara da wannan ne don a san cewa abin da zan faɗa lalaci ne tushensa, kuma lalacin nawa ne.

A wata bazara ƙanwata da ke aure a Bacirawa ta zo ganin gida. Cikin tsarabarta har da wani littafi da ta tsinta a ɗakin da suka kama haya. Babu bango, shafin farko ma ya yage, don haka har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Ta ce, "Yaya, ga naka, tun da kai ko takardar ƙosai ka gani sai ka karanta." Gaskiya ta faɗa. Karatuna bai yi nisa ba, daga aji biyu na ƙaramar sakandare na dawo gona da mahaifinmu ya rasu, amma Hausa kam ina karanta ta kamar ruwa.

Na buɗe shi bayan la'asar da niyyar in leƙa kawai. Ranar ragona bai sha ruwa ba sai da Inna, mahaifiyata, ta yi mini magana sau uku.

Labarin wata masarauta ce ta zamanin da, wadda marubucin ya ƙaga. Akwai tsohon Sarki, akwai wata rijiya a tsakiyar birni da ake yanka wa baƙin sa duk shekara don a sami damina. Sai ga wani malami ya zauna a bakin kasuwa yana cewa rijiya ba ta saukar da ruwa, Allah ne mai saukarwa. Talakawa suka fara taruwa a wurinsa. Galadima ya ce a ƙyale shi, Waziri ya ce a kore shi. Can sai ga babban ɗan Sarki, wanda ake sa ran zai gaji gadon, yana sulalewa cikin rigar bayi yana zuwa sauraron wa'azi. Wayyo! Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ni ne zan haɗu da dogarai a ƙofar gari. Ban taɓa sanin takarda za ta iya sa mutum gumi ba.

Kashegari na tafi da shi gindin ɗorawa, na ɗora a cinya, ina ɓara ina leƙe. Ɗan goggona, taubashina, wanda bakinsa ba ya hutawa a kaina, ya hango.

"Kai bawana," ya ce, "me kake yi wa takarda murmushi kamar an aiko maka da wasiƙar bazawara? Ƙwaya biyu ka ɓare tun safe, ɗaya ma ka cinye. Karanta mu ji, ko ka yi wani amfani a duniya."

Na karanta. Kafin in gama babin farko hira ta mutu, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo. Da na zo inda malamin ya tsaya a gaban Sarki ya ƙi cire takalmi, wani dattijo ya yi kabbara har kwanonsa ya kife. Da Waziri ya raɗa wa Sarki cewa ɗansa na cikin masu sauraron wa'azi, taubashina ya miƙe tsaye ya ce, "Munafuki! Wallahi da ina wurin da na fasa masa kai da taɓarya!" Aka ce ya zauna, ba a garinsu ake ba.

Da aka tashi azahar mai unguwa ya yanke hukunci. Ya ce, "Daga yau hannunka na littafi ne. Ka karanta mana, mu kuma in layi ya zo kan buhunanka mu ɓare maka."

Na koma gida kamar an naɗa ni sarauta. Amma da na zauna na duba kaurin littafin sai na shiga lissafi. A yadda nake karantawa, kwana tara zai ƙare. Buhunana kuwa su ne na ƙarshe a layi, sai nan da mako uku. In littafi ya ƙare, alkawari ya ƙare, yatsana ya koma bakin aiki.

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa, ni kuma na buɗe masa har da shimfiɗa tabarma. Na fara ƙari.

Da farko ƙanana ne. In littafi ya ce Sarki ya ci abinci, sai in tsaya in jera akusa: zabi da aka dafa da zuma, tuwon alkama, nono mai kauri da cokali ke tsayawa a ciki. Idona a kan takarda, bakina na zuba abin da babu a ciki. Mutane suka riƙa haɗiyar yawu. Sai na ƙara wa Galadima wata tsohuwar baiwa mai duba, na ƙara wani mafarki da Sarki ya yi na kura sanye da rawani. Abin mamaki, ƙarin nawa ya fi karɓuwa. Har a kasuwar Shanono wani ya tare ni yana tambaya, "Malam, yaya aka ƙare da kurar nan?" Aka fara zuwa daga unguwar gabas da buhuna a kan jakuna, don kawai a ji labari. Majalisa ta rabu biyu, 'yan Galadima da 'yan malami, ana musu har a wurin alwala. Waziri kuwa ba shi da kowa. Kaina ya kumbura. Da na tsaya a nan, da laifina bai wuce na ƙarya don gudun aiki ba.

Amma akwai Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, kuma shi ne ladanin masallacinmu tun kafin a haife ni. Makullin masallaci ba ya rabuwa da shi, yana tafe hannuwansa a baya, makullin na lilo a yatsa. Kafin ya yi magana, ko ya kira sallah, sai ya yi gyaran murya sau biyu, ihim-ihim. In aka kawo wani sabon abu, amsarsa ɗaya ce: "Ba haka ake yi a da ba." A lokacin wasu samarinmu da suka yi karatu a birni suna son a ba ɗaya daga cikinsu kiran sallah, wai muryar Baffa ta tsufa. Magana ce da ake yi ƙasa-ƙasa, ba wanda ya iya faɗa masa.

Ni kuma ina da tawa a ciki. A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gona na jingine da gona kamar haƙora, iyaka kuwa tushen gamba ne da kakanni suka dasa. Gonata da ta Baffa maƙwabta ne. A daminar da ta wuce, da nake huɗa, na bar garma ta tumɓuke gamba biyu, na ci kunyar shuka ɗaya daga cikin gonarsa. Da gangan na yi. Baffa bai kai ni wurin mai unguwa ba. A ƙofar masallaci ya tsayar da ni, a gaban mutane, ya ce, "Ihim-ihim. Ɗan nan, ka mayar mini da kunyata." Na ce shanu ne suka kauce. Ban mayar ba, kuma na riƙe shi a zuci, wai ya kunyata ni.

Ranar da na yi abin, Baffa na zaune a gefena na dama, yana ɓara a hankali kamar yadda ya saba. Na zo inda Waziri ya shiga fada. Littafi cewa ya yi kawai ya shiga ya faɗi ya yi gaisuwa. Ni kuwa na ce, "Sai ga Waziri, hannuwansa a baya, makullin taskar Sarki na lilo a yatsansa. Ya tsaya, ya ce, ihim-ihim, ranka ya daɗe, ba haka ake yi a da ba."

Sai wani saurayi ya tuntsire. Dariya ta kama kamar wutar kara, har da masu riƙe ciki. Taubashina ya yi ta dukan tabarma yana cewa, "Mai littafin nan ya taɓa zuwa garinmu, na rantse!" Na saci kallon Baffa. Bai ɗago ba. Ya fasa ɓawo, ya jefa ƙwaya a kwano, ya ɗauki wata.

Daɗin dariyar nan ya shige ni fiye da zuma. Kashegari na ƙara, jibi na ƙara. Duk inda Waziri ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya, majalisa ta amsa masa baki ɗaya. A rana ta huɗu na yi mafi muni. Na ƙaga babi guda, inda Waziri ya je gonar marayu ya tumɓuke gamba ya ci musu kunya. Laifina na ɗauka na rataya wa mai kama da Baffa, a gabansa, ina kallon takarda kamar mai karanta gaskiya. Wani daga baya ya ce, "Af, ashe!" Kowa ya san akwai maganar iyaka tsakaninmu, kuma kowa ya san ni maraya ne.

Sunan ya kama shi. In ya wuce, sai ka ji an ce ƙasa-ƙasa, "Waziri ya fito." Wata la'asar ya ɗauki lasifika ya yi gyaran muryarsa, ihim-ihim ɗin ya fita gari duka, sai dariya ta ɓarke a layin masu alwala. Ina cikinsu. Baffa ya ɗan tsaya, sannan ya kira sallarsa har ƙarshe.

Kashegari bai zo gindin ɗorawa ba. Mai unguwa ya sanar da mu, fuskarsa ba walwala, cewa Baffa ya aiko: jibi zai kawo makulli, a nemi wani ladanin, shi ya gaji. Samarin nan suka kalli juna. Ni kuma na karanta babin ranar, wanda ya fi kowane zafi, inda ɗan Sarki ya fito fili ya bi malamin suka bar birni, talakawa na bin su da ƙullin kaya a ka, Sarki na kuka a soro. Mutane na ta kabbara, ni bakina ɗaci.

Da na koma gida Inna na tankaɗe a tsakar gida. Labari ya riga ni isowa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ran da aka haife ka mahaifinka na kasuwar Bagwai. Baffanka aka kira. Shi ya ɗauke ka ya yi maka kiran sallah a kunne. Sai da ya yi gyaran muryar nan tasa, har ungozoma ta yi dariya. Ita ce murya ta farko da ka ji a duniya." Ta ci gaba da tankaɗenta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari da hantsi na tafi gidan Baffa. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya kwance buhunsa yana ɓara. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na ce, "Baffa, abin da na karanta a kan Waziri, babu shi a littafin. Ni na ƙara."

"Na sani," ya ce.

Na ɗago.

"Ni ban yi boko ba, ɗan nan, amma ina da ido. Da farko kafin in cika kwano ɗaya ka juya shafi huɗu. Daga baya sai na ga shafi ɗaya ya ci kwano biyu na gyaɗa, bai juyu ba. Na ce to, yaron nan ya fara noma a gonar mai littafi ma." Ya jefa ƙwaya a kwano. "Zabin nan da zuma ma naka ne, ko? Ai na ji daɗinsa."

Na kasa dariya, na kasa kuka. Na ce ya yafe mini, kada ya mayar da makulli.

"Yafiya mai sauƙi ce, na yafe. Amma ladan da ake yi wa dariya a bakin kiran sallah, ya zama fitina ga masu alwala. Gara in sauka in bar su da ladansu." Ya dube ni a karon farko. "A gaban jama'a ka ɗinka rigar nan. Ba a zaure za a kwance ta ba."

Ranar da zai miƙa makulli ɗorawa ta cika fiye da kullum, don an san saura kaɗan a gwabza tsakanin mutanen Sarki da na malami. Baffa ya zo daga baya, ya zauna kusa da mai unguwa, makullin a hannunsa. Aka ce in fara. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Jama'a, kafin karatu ina da magana. Kusan rabin abin da kuka ji a makon nan biyu, ƙarya ce tawa. Na ja labarin ne don kada ya ƙare kafin a zo kan buhunana."

Taubashina ne ya fara farfaɗowa.

"La ilaha illallahu! Kura mai rawani fa?"

"Tawa ce."

"Tsohuwa mai duba?"

"Tawa."

"Kai, Allah wadaran bawa! Har na ba matata labarinta, ta kasa cin tuwo!" Ya dafe kai. "To tsaya. Jakadiyar da ta ɓoye wasiƙa a cikin ƙwaryar fura?"

"Wannan ta littafi ce."

"Alhamdu lillahi!" in ji mutum wajen biyar a tare, har da tafi. Aka shiga jefo mini tambaya ta ko'ina, wannan fa, wancan fa, duk wanda ya tabbata na littafi ne sai a yi shewa kamar an ga ɗan da ya ɓata. Na ga abin zai zama wasa, in tsira da sauƙi. Na ɗaga murya.

"Saura babba. Wazirin littafin nan saurayi ne dogo, ba ya gyaran murya, ba ya riƙe makulli. Ga shafin, duk mai iya karatu ya zo ya duba. Ni na sa masa kamannin Baffa. Gonar marayu kuwa babu ita ko kaɗan. Wanda ya tumɓuke gamba ya ci kunya, ni ne. Kunyar Baffa na ci, da gangan, ba shanu ba ne. Ya ce in mayar, na ƙi, na zo nan na rama da bakin littafi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikin samarin ya karɓi littafin, ya duba inda na nuna, ya karanta a fili: Waziri ya shiga, ya faɗi, ya yi gaisuwa. Shi ke nan. Ya rufe, ya sunkuyar da kai, don shi ne ya fara tuntsirewa ran farko. Ya matsa gaban Baffa ya durƙusa. Wasu suka bi shi.

Mai unguwa ya ce, "To. Littafi ya bar hannunka. Buhunanka kai za ka ɓare, ka haɗa da na Baffanka. Gamba kuma ruwan farko ka mayar da ita inda take, ina tsaye." Ya juya wurin Baffa, bai miƙa hannu ba. "Malam, maganar makulli fa?"

Baffa ya ɗaga kai ya dubi inda inuwar ɗorawa ta kai a jikin bangon masallaci, don shi da ita yake gane azahar, ba da agogo ba. Ya kakkaɓe ɓawo daga rigarsa, ya miƙe, ya mai da hannuwansa baya. Muna kallo ya buɗe ƙofa ya shiga. Lasifika ta yi ƙara. Ihim-ihim. Ba ka jin komai sai kurciya a kan ɗorawa. Sannan ya yi kabbara, muka tashi neman butoci.

Taubashina aka ba karatun, shi da ya tsaya a aji huɗu na firamare. Yana bin layi da yatsa, yana tuntuɓe a kan kowace doguwar kalma, in ya kakare sai ya miƙo mini ya ce, "Bawa, mene ne wannan? Kuma ka faɗi gaskiya." Baffa ya sa aka koma tun daga farko, wai yana son ya ji Wazirin gaskiya. Haka na zauna ina ɓara, yatsana ya tsage ya warke ya sake tsagewa, ina jin labarin a bakin wani. Kuma wallahi ya fi daɗi. Ranar da aka zo inda mutanen malami suka kewaye birni, Galadima ya fito shi kaɗai ba makami don ya nemi sulhu, ni ne na kifar da kwano.

Ruwan farko ya sauka saura babi biyu. Na dasa gamba a inda take, mai unguwa na tsaye, Baffa na nuna wurin da ƙafa. Sauran babi biyun a bakin gona muka ƙarasa su, lokacin hutun shan fura.

Abu ɗaya ne na kasa mayarwa. Har yau akwai waɗanda in Baffa ya wuce suke ce masa Waziri, wasunsu ma ba su san mafarin sunan ba. Yana amsawa, har ya ɗaga musu hannu. Ni ne dai duk lokacin da na ji, nake duban ƙasa.